Masu tuƙin jirgi da uwayensu a tabkin Madarunfa

Garin Madarunfa yana cikin jihar Maraɗi, kilomita 20 da ƴan kai kudu da birnin Maraɗi, kusa da iyakar Nijeriya. Tabkinsa ne ya sa sunansa ya fita. Gulbin Gabi ke kawo ma tabkin ruwa, gulbin Maraɗi kuma yakan ƙara masa idan ya cika ya yi ambaliya. Da damina faɗin ruwan yakan kai wajen hekta 800. Da rani sai ya janye, ya bar laka mai kyau inda ake noman rani, amma ba ya ƙafewa kamar ƙananan tabkunan karkara. Kewaye da shi akwai kaburburan waliyyai 99 da mutane ke zuwa ziyara daga nesa. A shekarar 2006 Nijar ta sa tabkin da kaburburan da gandun dajin da ke kusa cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su. A 2019 kuma aka rubuta tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ke kare tabkuna da fadamun duniya.

A wannan ruwa ake kama karfasa da tarwaɗa da gaiwa da giwan ruwa. Masunta na da shugabansu, sarkin ruwa, kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa. Wasu na su da gora, su kwanta bisanta suna tafiya da hannu da ƙafa. Wasu na da jirgi. Duk yaron da aka gani ya iya tuƙa jirgi a tabkin, ba a littafi ya koya ba. Akwai wanda ya zaunar da shi, ya riƙa masa hannu, ya yi haƙuri da shi.

Yadda uba ke koya ma ɗansa

Ba a fara ba yaro filafili. Abin da ake fara ba shi ƙwarya ce. Yana zaune tsakiyar jirgi, yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako, yana zubarwa. Aikin kamar ba kome ba ne, amma a nan yake koyon zama. Ya gane cewa jirgi ba ya son mai tashi tsaye da gaggawa, ba ya son a taru gefe guda. In ya karkata dama, uban ya ce masa: «Koma tsakiya.» Ba ya ƙara wata magana.

Kafin a yarda ya yi nisa da gaɓa, sai ya iya iyo. Wannan ba a sassauta shi. Uba ko wa ko kawu ne ke shiga da shi inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ya tallafe masa ciki da tafin hannu, har ranar da zai janye hannun yaron bai sani ba.

Bayan haka sai gwangwala. Da ita ake tura jirgi inda ruwa ba zurfi: a kafa ta ƙasa, a dogara, jirgi ya yi gaba. Wahalarta ita ce laka. In ta kafe cikin laka yaro bai saki ba, jirgi ya tafi ya bar shi rataye. Kusan kowane matuƙi ya taɓa shan wannan ruwa, an yi masa dariya, ya hau ya sake.

Filafili shi ne na ƙarshe. Mai tuƙi shi kaɗai yakan zauna can baya. In ya ja ruwa ta hannun dama, goshin jirgi sai ya juya hagu. In ya ja ta hagu, ya juya dama. Sabon shiga yakan yi ta kewaya wuri guda kamar raƙumin da ke jan matsar mai. Gwani kuwa yana murɗa bakin filafilin kaɗan a ƙarshen kowane ja, jirgi ya miƙe sak ba tare da ya sauya hannu ba. Wannan murɗawa ba ta faɗuwa da baki. Sai yaro ya daɗe yana kallon wuyan hannun ubansa.

Akwai kuma sanin ruwa, wanda ya fi tuƙin kansa wuya. Ina ne rami yake, ina kututture ya nutse, ina wani ya shimfiɗa kalli ko mamari don kada a bi ta kai a yaga masa. Wane irin hadari ne ke ba mutum lokacin komawa gaɓa, wane ne ba ya jira. Da hunturu iska kan tashi da hantsi ta tada igiyar ruwa, shi ya sa ake fita da sassafe duk da sanyi. Wannan ilimi na tsofaffi ne, kuma in ba a karɓe shi daga bakinsu ba, tare da su yake tafiya.

Aikin da ba a gani daga cikin jirgi

Jirgin katako na cin kuɗi. Sai an sayi katako da ƙusa, an biya kafinta, an toshe tsagogi da tsumma da kwalta. Rana na busar da shi ya tsage, ruwa na ruɓar da gindinsa. Magidancin da ya ba yaro aron jirginsa don wasa ko don koyo, ya ba da abin da gidansa ke ci da shi ne.

Uwa kuwa ba ta shiga jirgi sau da yawa, amma hannunta na cikin kowace tafiya. Ita ke tashi kafin kiran salla ta dama fura. Ita ke karɓar kifi ta gyara, ta soya wani, ta yi bandar wani don kada ya lalace kafin ranar kasuwa. Daga cinikin nan ne ake samun na littafin rubutu da alƙalami da sabulun wanki. Ita ce kuma ke fara lura in yaro ya dawo da zazzaɓi, ko ya fara ɓoye wandonsa.

Wannan magana ta wando tana da muhimmanci. A ruwan da ke kwance akwai wasu ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar na fita daga jikinsu ta shiga fatar mai wanka ko mai iyo, bayan wasu makonni yaro ya fara fitsari da jini. A wurare da yawa an daɗe ana ɗaukar wannan alamar girma ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne: cuta ce, tana shan jini, tana sa kasala a aji, in ta daɗe tana ɓata mafitsara. Tana da magani, ana kiransa Praziquantel, kuma ma'aikatan lafiya kan raba shi a makarantu. Uwar da ta kama hannun ɗanta ta kai shi likita ta yi ma tuƙinsa aiki daidai da wanda ya sassaƙa masa filafili.

Abu mafi nauyi da uwaye ke bayarwa shi ne lokacin yaron kansa. Ana komawa lakwal cikin watan Oktoba, daidai lokacin da tabki ke cike, girbin hatsi kuma bai ƙare ba. Da safe ake ɗaga kalli, da safe kuma ake shiga aji. Masunci mai ɗa a kwaleji yana da zaɓi biyu kowace safiya: ya riƙe yaron ya taimake shi jan raga, ko ya sake shi ya tafi, shi ya ja shi kaɗai. Wanda ya saki ya rage kifin gidansa da hannunsa, shekara 4 har BEPC, in yaron ya wuce lise a ƙara 3. Na ƙauyukan nesa kuma sai sun nema ma ƴaƴansu mai masauki cikin gari, suna aiko da hatsi da ɗan kuɗin cefane. Ba kowane gida ke iya jurewa ba. Yara da yawa sun bar karatu a nan, ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba.

Tuƙi a matsayin wasa

Inda duk ake da jirage biyu da samari, za a yi tsere. A Argungu, cikin jihar Kebbi ta Nijeriya, bikin kamun kifi da aka fara a 1934 ba su kaɗai ake yi a cikinsa ba: akwai tseren jirage, da nutso, da kamun agwagwa, wasannin da ake kira kabanci. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016.

Turawa kuma sun maida tuƙi wasa mai dokoki. Jami'o'in Oxford da Cambridge na Ingila sun fara tserensu a 1829. An kafa ƙungiyar tuƙi ta duniya a 1892, wasan ya shiga Olimfik a birnin Paris a 1900, mata kuma suka fara shiga a 1976. Amma tuƙinsu ya bambanta da na Madarunfa. Matuƙin tabki yana duban inda za shi, filafilinsa kuma a hannunsa kaɗai yake. Su nasu dogo ne, an maƙala shi a gefen jirgi, mai tuƙi ya ba inda za shi baya. Kujerarsa na bisa ƙananan ƙafafu, tana gaba tana baya, don haka ƙarfin ƙafa ya fi na dantse aiki. Jirgin mutum ɗaya tsawonsa wajen mita 8 ne, nauyinsa kilo 14 kacal, faɗinsa bai fi mazaunin mutum ba. Na mutum 8 yakan kai wajen mita 18, da wani na tara mai riƙe da linzamin jirgi, shi kaɗai ke duban gaba, yana ba su umurni. Tsawon fagen tsere mita 2.000 ne.

Dalilin wannan siffa shi ne, jirgi siriri mai tsawo ba ya ture ruwa da yawa a gabansa, saboda haka ya fi gudu. Sai dai saurin kifewa gare shi. Kuma in mutum ɗaya cikin takwas ya riga ƴan'uwansa tsoma filafili, ko ya makara, jirgin ya girgiza, gudu ya ragu. Ƙarfi takwas da bai haɗu ba, jirgi mai mutum huɗu masu jituwa na iya ba shi kunya.

A wasu ƙasashe ƴan makarantar sakandare na da ƙungiyoyinsu na tuƙi. A birnin Filadalfiya na Amurka ana yi masu babbar gasa tun 1927. Ta ƙasar Niyu Zilan kuwa tushenta na Afirka. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin ƙasar sun yi sansani a Maadi, kusa da Alƙahira, suna tsere da Misirawa bisa kogin Nilu. A 1943 suka ci, aka ba su kofi, suka tafi da shi gida. Tun 1947 ƴan makaranta ke takara a kansa, ana kiran gasar da sunan Maadi, kuma yara sama da 2.000 ke haɗuwa wurinta.

Wanda ya je irin wannan gasa zai ga yara cikin ruwa, amma gaɓa cike take da uwaye. Su ke tashi cikin duhu su kai yara wurin horo kafin lokacin aji. Su ke tara kuɗin sayen jirgi, domin makaranta ita kaɗai ba ta iyawa. Wani uba ya ja jirage da motarsa tafiyar yini guda, wasu uwaye mata su kafa rumfa suna dafa abincin yara 40 ko 50. Tseren kansa bai fi ƴan mintoci ba, kuma mai tsaye a gaɓa ƙarshensa kaɗai yake gani. Ko da yake kayan sun bambanta, aikin da suke yi shi ne na mai dama fura da mai toshe jirgi da kwalta.

Ɗan Nijar a Landan

A 2012 Nijar ta tura mai tuƙi wasannin Olimfik na Landan. Sunansa Hamadu Jibo Isaka, mutumin Yamai, yana da shekara 35, sana'arsa aikin lambu, kuma gwanin iyo ne. A lokacin babu irin wancan jirgin tsere a Nijar. Wajen wata 3 kawai ya samu yana horo da shi a ƙasashen waje. A tserensa na farko ya yi mita 2.000 cikin minti 8 da daƙiƙa 25, ya zo na ƙarshe, da tazara mai yawa. Wanda ya ci zinariya a wannan shekara, Mahé Drysdale na Niyu Zilan, ya gama tseren ƙarshe ƙasa da minti 7. Duk da haka dubban ƴan kallo sun miƙe suna yi ma Jibo Isaka tafi har ya kai, domin bai ajiye filafili ba.

Wasu sun ce bai kamata a kai shi ba. Amma abin lura ba nan yake ba. Tabkin da aka yi tseren a kansa, Dorney, wata makarantar sakandare ce mai suna Eton ta haƙa shi don ɗalibanta. Da yawa cikin abokan takararsa sun yi shekara 10 ko fiye suna tuƙi, da jirgi, da mai horo, da gida mai ɗaukar nauyi. Shi kuwa ya fara yana magidanci. Tazarar da aka gani a ruwa ba ta ƙarfin dantse kaɗai ba ce. Tazarar shekarun yarinta ce, da ta mutanen da ke bayan yaro a waɗannan shekaru. A wannan fanni ɗan masunci na Madarunfa mai shekara 12 ya riga ya samu abin da kuɗi ba su saye: ya san ruwa, ba ya tsoronsa, kuma malaminsa na kwana gida ɗaya da shi.

In ɗalibai na son kafa ƙungiya

Ɗaliban kwaleji ko lise da ke son tsere a tabki ba za su fara da neman jirgin Turai ba. Za su fara da uwayensu. Makarantun Nijar na da ƙungiyar uwayen yara, da ta uwaye mata, da kwamitin kula da makaranta da ake kira COGES. A gabansu ake kai magana, tare da darakta da malamin wasanni, sannan a je gaida sarkin ruwa a nemi izni da shawara. Shi zai faɗi gefen da babu raga, da lokacin da masunta suka fito, da jiragen da suka yi daidai da juna don kada a cuci wani.

Za a samu uwayen da za su ƙi. Kada a ce duhun kai ne. Macen da ta taɓa ganin an fito da yaro daga ruwa an rufe shi da zane tana da hujjar da ta fi ta mai son wasa. Ba gardama ke sauya ra'ayinta ba, sai abin da ta gani da idonta: an gwada iyon kowane yaro kafin ya hau, akwai rigar da ke hana nutsewa ko aƙalla jarka rufaffiya ɗaure cikin jirgi, akwai babban mutum a wani jirgi yana biye da su, ba a fita in hadari ya haɗu, ba a kuma taɓa lokacin darasi. Zancen ƴan mata ya fi wuya, don aikin gida da maganar mutane. A nan ƙungiyar uwaye mata ce ke iya buɗe ƙofa, in ta ce ita za ta tsaya bakin ruwa da kanta.

Yaro kuma sai ya koyi gane goyon baya ko da ba a furta shi ba. A ƙasar Hausa uba ba ya yabon ɗansa gaban jama'a, uwa kuma tana kunyar ɗan fari har ba ta kiran sunansa. Ranar tsere ana iya ganin maƙwabta na ihu, uban yaron da ya ci kuwa yana can gefe yana gyaran raga kamar ba shi ya haife shi ba. Amma shi ne ya kwana biyu yana toshe jirgin. Uwar da ba ta zo kallo ba, ita ta aiko ƙanensa da kwanon abinci. Irin waɗannan uwaye ba dogon jawabi suke jira ba. Suna duba ko an wanke jirgin an ɗaure shi inda aka same shi, ko an maida filafili, ko an faɗi gaskiya da katako ya tsage, ko sakamakon jarrabawa bai faɗi ba. Wanda ya samu kyauta, al'ada ita ce ya kai ta gida, ya durƙusa ya ajiye gabansu, ya ce: «Baba, Inna, ga abin da aka samu.» Su sa albarka, su ce a kai ma kaka ta gani.

Ma'anar wasu kalmomi

Filafili: icen da aka sassaƙa, mai faɗin baki, da ake jan ruwa da shi.
Gwangwala: dogon reshen tukurwa da ake tura jirgi da shi.
Kalli: ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa a bar ta ta kwana.
Mamari: doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa.
Banda: busar da kifi ko nama da hayaƙi.

Da Faransanci ana ce ma jirgin masunta la pirogue, filafili la pagaie, tabki le lac, masunci le pêcheur, wasan tuƙi irin na Olimfik kuma l'aviron.

Tambayoyi

1. Waɗanne gulabe ne ke kawo ma tabkin Madarunfa ruwa?
2. Don me ake fara ba yaro ƙwarya kafin filafili?
3. In mai tuƙi ya ja ruwa ta hannun hagu, ina goshin jirgi zai juya?
4. Ta yaya tsargiya ke shiga jikin mutum? Me ya kamata a yi ma wanda ya kamu?
5. Me masunci ke rasawa in ya bar ɗansa ya tafi kwaleji?
6. Ku faɗi bambanci biyu tsakanin tuƙin tabki da tuƙin Olimfik.
7. Uwa ta hana ɗiyarta shiga jirgi. Ku rabu gida biyu: wasu su kawo hujjar uwar, wasu ta yarinyar.

Lissafi

Wani jirgi na yin mita 250 cikin minti 1. Minti nawa zai yi kafin ya gama mita 2.000?

Uwaye 24 sun yi niyyar gyara jirage 2. Gyaran kowane jirgi jaka 18 ne. Nawa kowane zai bayar? Ku rubuta amsar da jaka, sannan da dala.

Aikin gida

Ku je wurin wani masunci ko wata mai bandar kifi, ku gaishe su, ku tambaye su wa ya koya masu sana'ar, suna da shekara nawa a lokacin, da abin da ya fi ba su wuya. Wanda garinsu ba ruwa ya tambayi manomi ko maƙeri ko mai kiwo. Ku rubuta amsar cikin layi 10 da Hausa, ku juya layi 3 na farko da Faransanci.